Wutar da Ta Ja Injiniya

Mahaifina mai gyaran wuta ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ja wa mutane waya a gidajensu, kuma duk layinmu Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka jami'a ba sai ranar da aka yaye mu. Ko a ranar ma rabin taron bai gani ba, yana can ya ɗaga kai yana kallon yadda aka haɗa fankokin zauren yana tsaki.

Gajere ne, kakkaura, furfurarsa a gefe ɗaya na gemu kawai, kamar ɗaya gefen bai samu labari ba. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai testa, ɗan sukundireban nan mai ƙwan fitila a ciki, wanda ke kawo ja idan ya taɓa abin da ke da wuta. Da shi yake nuna wa baƙo hanya, da shi yake sosa bayan kunne, da shi yake juya shayi idan Mama ta juya baya. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne: wuta ba ta taɓa jan kowa a gidan da ya yi wa aiki ba. Yakan faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Na taɓa ji yana faɗa wa wani mai sayar da tabarau a cikin motar haya, mutumin da gaisuwa kawai ya yi masa.

Akwai halayensa biyu na aiki da ya kamata in faɗa tun yanzu, don su ne suka kusa kwance mana gida. Idan layi ya lalace, yakan ja wata waya ta wucin gadi don kada mutane su zauna a duhu kafin ya gama gyara. In ya gama, sai ya zare ta a ɓoye ya ga ko layin zai ɗauki kansa. Ba ya gaya wa masu gida, don a cewarsa da ka faɗa musu za su fara ganin fitila tana rawa. Na biyun kuwa, ba ya yar da abin da ke aiki. Yana da wani tsohon gwangwanin madara a jakarsa, cike da ƙananan kusoshi da fis da guntayen waya da ba wanda ya san ranar amfaninsu.

Shekara ashirin da shida Dogo ne ke riƙe masa tsani. Dogo bai san komai a kan wuta ba, bai kuma taɓa son sani ba. Aikinsa ya riƙe tsani su yi ta musu, Baba daga sama yana cewa tsanin na rawa, Dogo daga ƙasa yana cewa ƙafar mai hawa ce ke rawa. Bara Dogo ya kwanta jinya ta sati biyu ya rasu.

Baba ya dawo daga gidan makoki ya rataye jakar aiki a ƙusar bayan ƙofa. Muka ɗauka na kwana biyu ne. Jakar ta yi wata huɗu a wurin. Ya daina fita, ya sauke labulen ɗakinsa, abinci sai Mama ta tsaya a kansa. Idan aka ƙwanƙwasa ƙofa sai ka ga gumi ya keto masa, don ya riga ya yanke cewa an zo gaya masa wani gida da ya yi wa waya shekara ashirin baya ya kama wuta. Sai ya ce in je in ce ba ya nan, da muryar da mai sallamar ma yana jin ta. Abin da ya tabbatar mana ba lafiya ba shi ne ƙwan fitilar barandarmu. Ya mutu, ya kwana goma sha ɗaya a mace, Baba yana wucewa ta ƙarƙashinsa zuwa banɗaki bai ko ɗaga kai ba.

A lokacin na gama karatun kula da ɗakin littattafai ina zaune a gida ina jiran aiki. Ni matsoraciya ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Ko man goge baki na saya sai na karanta bayan kwalin. Na ce a kai shi asibiti, ya ce shi ba ya ciwo. Sai Mama ta ce ita gwiwarta ke damunta, ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba. Haka ya tashi ya raka ta. Tun daga gida take ɗingisa ƙafar hagu, muna shiga harabar asibitin ta manta ta koma ta dama.

Likitan matashi ne siriri, a ofishinsa akwai doguwar fitila da ke ƙyaftawa kamar mai hararar mutane. Ina ta satar kallon Baba ko zai dube ta, bai duba ba. Likita ya yi kusan awa guda yana masa tambayoyi a hankali, sannan ya ce ciwon damuwa ne haɗe da fargaba, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, ba ragwanta ba ce. Ya tambayi duk wani magani da Baba ke sha, har da na jiƙawa da ake kawowa a gora, don wasu ba sa jituwa da wanda zai rubuta. Ya rubuta ƙwaya ɗaya, 'yar ƙarama fara, kullum da safe bayan karin kumallo, kuma a riƙa dawowa suna zantawa. Ya ce kada a sa ran ganin canji sai bayan makonni. Kwanakin farko za a iya jin tashin zuciya ko ciwon kai. In abin ya ƙaru, ko tunanin cutar da kansa ya zo masa, kada a jira ranar dawowa, a zo nan take. In ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu washegari. Sannan kada ya daina sai tare da shi likitan. Wannan na ƙarshen sau biyu ya faɗa. Baba ya gyaɗa wa takalminsa kai.

Kwana uku da farawa ya kira ni ya ce an haɗa ƙwayar a baibai. Shi a saninsa in ka sa sabon fis nan take wuta ke kawowa, wannan kuwa ba abin da ta kawo sai tashin zuciya. Na karanta masa takardar cikin kwalin, ya ce wanda ya rubuta ta da ganin tsawonta bai da aikin yi. Amma ya ci gaba da sha. Tashin zuciyar ya wuce bayan sati ɗaya da 'yan kwanaki. A sati na biyar na fito da safe na tarar da fitilar baranda a kunne, rana tsaka-tsaka, Baba yana tsaye a kan kujerar Mama yana goge ƙwan da bakin rigarsa. Mama ta fito ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta hau shi da faɗa a kan ya taka mata kujera da takalmi. Faɗan ya yi tsawo fiye da laifin.

Nan Goggo ta shigo cikin maganar. Yayar Baba ce, tana layin bayanmu, kullum da hantsi tana gidanmu. Har yau Auta take ce masa, da furfurarsa da komai. Ita a wurinta duk maganin da ya yi wa wani a dangi aiki ya zama na dangi. Da ta ga Baba ya koma fita aiki yana musu da masu shago, sai ta ja ni gefe ta ce in ɓallo mata biyu, ita ma tun da aka canja mata mai kawo ruwa zuciyarta ba ta mata daɗi. Na ce likita ya auna Baba ne ya rubuta, bai auna ta ba. Ta ce ai uwa ɗaya uba ɗaya suke, me kuma za a auna. Daga ranar na ɗauke kwalin na sa a jakata. Kullum da safe ni ke ɓallo ƙwaya ɗaya in ajiye a kan faranti kusa da kofin shayinsa. In na dawo daga kicin sai in tarar da farantin wayam, hankalina ya kwanta.

Haka aka yi wata uku lafiya lau. Sai wata ranar Litinin Baba ya buɗe firji, ya juyo zai yi wa Mama magana, ya daka tsalle ya saki ƙofar. Ya ce firjin ya ja shi. Mama ta taɓa, ba komai. Na taɓa da bayan hannu ina karanta duk addu'ar da na sani, ba komai. Ya ɗora testa a jikin ƙofar, bai kawo ja ba. Ya ce ba a hannu ya ji ba, a cikin kai ya ji, zit, kamar an haɗa waya biyu a bayan idonsa. Ya zare firjin daga soket ya kwance bayansa. Naman Mama ya kwana a gidan maƙwabta.

Washegari famfon banɗaki ya ja shi. Bayan sa'a guda kuma ƙofar ɗakinsa, wadda ta katako ce. Nan ya tara mu a falo ya ce akwai wuta da ke zuba a gidan nan, kuma har sai ya gano inda take kowa zai sa silifas ɗin roba. Ya shimfiɗa wa Mama katako a gaban murhu ya ce a kai za ta riƙa tsayawa. Goggo ta zo da hantsi, ta ji labari, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ai ita tun jiya take jin ƙafarta na tsuwwa in ta shigo gidan nan, ba ta dai so ta faɗa ba ne. Ya ba ta safar hannu ta roba, irin ta masu aiki, har gwiwar hannu. Da ita ta sha shayi.

Kafin Laraba ya kwance duk soket ɗin gidan. Kowane bango ka duba wayoyi ne a waje, an naɗe bakinsu da baƙin salatif. Ya kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya, muka koma fifita. Yana tsaye a tsakiyar falo, ba ya taɓa komai, ba wuta ko ta cajin waya, ya juya kai zai kira ni, ya sake zabura. Ya ce to ba daga gidanmu ba ne, maƙwabta ne suka yi haɗin banza wutarsu ke biyo bango. Ya je ya duba musu mita ba tare da sun gayyace shi ba, ya dawo rai a ɓace don bai samu laifi ba, aikinsa ne na shekara tara baya.

A kwanakin nan ya canja. Ga jiri, yana tafiya yana dafa bango, bangon da ya hana mu taɓawa. Ga saurin fushi, har da cokali ya yi faɗa. Da safe yakan ba mu labarin mafarkai masu tsawo, wai Dogo ya zama sandar fitilar titi yana masa musu. Ni kuwa duk karatun takardar da nake yi, hankalina bai je kan magani ba. Ina ganin faranti wayam kullum. Na fi zargin ciwon ne ke dawowa, kuma wannan tunanin ya hana ni cin abinci.

Ranar Alhamis muna dawowa daga sayo salatif, a ƙarƙashin wata bishiya, nesa da kowace waya, abin ya sake jan sa. Ya tsaya. Ya zaro testa ya ɗora a jikin bishiyar. Wata mata mai wucewa ta ja ɗiyarta ta tsallaka titi. Sai ya juya testan a hankali ya ɗora a goshinsa, ya ce in duba ko ya kawo ja. Na ce bai kawo ba. Ya ce rana ce ta yi yawa ba na gani.

A gida ya yi mana bayani. Shekara talatin da ɗaya yana shan ƙananan jan wuta a yatsu, kuma bai taɓa tambayar ina suke zuwa ba. Ashe taruwa suke. Yanzu ya cika. Ya ɗauko waya ya ɗaura a idon sawunsa, ya bar ɗaya bakin yana jan ƙasa don wutar ta samu hanyar fita. Haka ya yini yana yawo a tsakar gida da jela. Kyanwar maƙwabta ta bi shi har banɗaki. Mama ta ce in dai ya cika haka, ya riƙe mata filogin firji mana, namanta na gidan mutane.

Na yi dariya a lokacin, amma da yamma dariyar ta ƙare. Na same shi zaune a bakin gado, jakar aiki a kan cinyarsa, labule a sauke. Ya ce saura wuri ɗaya bai duba ba, cikin silin.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "in na hau gobe ban samu komai ba, ranar Asabar ki kai jakar nan kasuwa ki ba duk wanda ya miƙo hannu. Wanda wuta ke ja a gidansa, ya rasa daga ina take, ba shi da bakin taɓa gidan wani."

Na san abin da zai biyo bayan jakar. Na ga wata huɗun nan da idona. Na ce masa mu je wurin likita tukuna, ya ce likita me ya sani a kan wayar wuta.

Da hantsin Juma'a ya jingina tsani a ƙofar silin da ke baranda. Ni na riƙe. Tun rasuwar Dogo sai dai ya roƙi masu gida su riƙe masa, kuma ba ya musu da su. Yana hawa ya ce tsanin na rawa. Na buɗe baki zan ce ƙafarsa ce, na kasa, don da gaske ƙafarsa ce. Ya shige da jakarsa da tocila, wayar idon sawunsa na bin sa a baya. Goggo tana falo a kan doguwar kujera, da safar robarta, tana ba Mama labarin mai kawo ruwa. Ina jin takunsa a sama yana bin katako ɗaya bayan ɗaya. Sai takun ya tsaya. Sai na ji ƙara.

Na ruga falo. Ƙafar Baba ce ta ɓullo ta silin har cinya, tana lilo daidai saman kan Goggo, da silifas, da wayar tana reto. Ƙura ta rufe ko'ina. Goggo ba ta motsa ba, ta dai ɗaga kai ta ce, "Auta, kai ne?" Kafin ya amsa jakar ta kife ta ramin. Filaya ta faɗo, salatif ya gangara ƙarƙashin kujera, gwangwanin madara ya daki tebur murfinsa ya yi nasa wuri.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin ƙafar nan. Katako biyu ne suka tare sauran jikinsa. Da ya kauce da taki ɗaya, da kan teburin gilashi zai sauko. Ni da Mama da wani maƙwabci da ya jiyo ƙarar muka fito da shi ta inda ya shiga. Ya ƙuje a cinya da gwiwar hannu, ba karaya. Ya ce yana juya kai zai haska kusurwa abin ya ja shi, silin ɗin ya juya.

Ina tsugune ina tattara masa kusoshi, sai na ga wani abu fari a cikinsu. Na ɗauka. Na ga wani. Guda goma sha ɗaya na tsinta, 'yan ƙanana farare, wasu sun yi baƙi-baƙi da tsatsar gwangwani. Na zuba a tafin hannuna na kai gabansa.

Bai ji kunya ba ko kaɗan. Ya yi mini bayani kamar ina sabuwar shiga sana'a. Ƙwayar nan, a wurinsa, waya ce ta wucin gadi. An ja masa ita lokacin da layinsa ya lalace, ta yi aikinta, ya gode. Da ya ga ya gyaru sai ya zare ta ya ga ko zai ɗauki kansa. Bai gaya mana ba don da ya faɗa za mu fara ganin yana rawa. Kullum in na shiga kicin yakan ɗauke ta daga faranti ya sa a aljihu, daga nan sai gwangwani, don abu ne mai aiki, ba a yar da shi. Ya kuma roƙe ni kada in haɗa wannan da matsalar wutar gidan, maganganu biyu ne daban.

Na ɗauko takardar cikin kwali daga jakata. Na san inda wurin yake, na karanta shi ya fi sau goma ina tunanin ba zai taɓa shafar mu ba. Na karanta masa abin da kan faru in an daina farat ɗaya: jiri, saurin fushi, mafarkai, tashin zuciya, da jin wani abu kamar jan wutar lantarki a cikin kai. Ya ce in sake karanta na ƙarshen. Na sake. Ya karɓi takardar ya juya bayanta yana neman sunan wanda ya rubuta, ya ce yana so ya san a ina mutumin ya koyi wuta.

Goggo, wadda har lokacin ƙura ke kan ɗankwalinta, ta ce abin ai mai sauƙi ne. Tunda goma sha ɗaya ya tsallake, ya haɗiye su duka yanzu da ruwa mai yawa ya cimma inda aka tsaya. In sun masa yawa kuma ta rage masa biyu. Ban san lokacin da na dunƙule hannuna na kai bayana ba. Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya ba sai ranar. Na ce ba wanda zai haɗiyi komai a gidan nan sai mun ga likita, kuma yanzu za mu tafi. Mama ta riga ta ɗauko mayafinta. Ta tsuguna ta kwance wayar ƙafarsa da kanta, ta ce ba za ta shiga asibiti da miji mai jela ba.

Likita ya saurari labarin tun daga firji. Da aka zo kan bishiya ya sunkuya yana neman wani abu a aljihun tebur, ya daɗe bai same shi ba. Da aka zo kan silin kuwa fuskarsa ta canja. Ya duba ƙujewar, ya auna jininsa, ya tambaye shi kai tsaye ko a kwanakin nan tunanin cutar da kansa ya zo masa. Baba ya ce a'a, jakarsa kawai ya yi niyyar bayarwa. Likita ya ce wannan ma abin faɗa ne, ba abin ɓoyewa ba.

Ya ce jiki ya saba da maganin, in aka zare shi lokaci guda sai ya yi ta wannan zabura, kuma ba wai Baba ya zama ɗan ƙwaya ba ne. Jin sauƙi ba ya nufin an gama. Akan ci gaba da sha na wasu watanni bayan an warware, don kada ciwon ya dawo, kuma in lokacin dainawa ya yi, tare za su riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yana duba shi. Ya rubuta yadda zai koma sha, ya karɓi goma sha ɗayan nan masu tsatsa ya ce ba za a sha su ba. Baba ya bi su da kallo kamar an ƙwace masa fis masu kyau. Sannan likita ya hana shi hawa tsani da tuƙi har sai jirin ya wuce.

Duk wannan Baba yana gyaɗa kai ne kawai. Da likita ya yi shiru, sai ya matso da kujerarsa.

"Likita, tsakaninka da Allah. Kana nufin gidan lafiyarsa ƙalau?"

"Ban ga gidan ba, Injiniya. Amma abin da ke jan ka ba daga bango yake ba."

"Ba wayata ba ce."

"Ba wayarka ba ce."

Baba ya jingina da kujera ya sauke wani dogon numfashi. Ya juya ya dubi Mama ya ce ta ji ko, shekara talatin da ɗaya. Mama ta ce ta ji, namanta ma ya ji. Sai ya ɗaga kai ya dubi fitilar da ke ƙyaftawa, ya nuna ta da testa ya ce wata nawa ke nan yana zuwa ofishin nan abin nan na cin ransa, aikin minti biyar ne in za a ba shi kujera. Likita ya ce kujera ma tsani ce.

Cikin kwana uku zaburar ta tafi, jirin ya ɗan fi daɗewa. Yanzu ba na ajiye ƙwayar in tafi kicin. Zama nake har ya haɗiya, shi kuma ya buɗe mini baki yana cewa duba da kyau, shugabar masu bincike. Duk da haka wani lokacin in ya shiga wanka nakan zazzage gwangwanin in duba. Ya sani, don yakan ce in na gama in ware masa ƙananan kusoshin daga manya. Goggo ta je ganin likitan da kanta daga baya, ta dawo tana cewa yaron ba ya da kyauta, magana kawai ya ba ta. Safar robar ba ta dawo da ita ba.

Amma ranar Asabar ɗin da ya ce in kai jakar kasuwa, da sassafe na ji yana kirana daga falo. Na fito da sauri. Yana zaune a kan 'yar kujerar tsuguno a gaban soket ɗin da ke bayan firji, jakar a buɗe a gefensa, ramin silin a samansa. Ya ce soket goma sha huɗu ya kwance, kuma duk na ƙasa ne, ba ruwansu da tsani, don haka likita ba shi da ta cewa. Ya miƙo mini tocila ya ce in haska masa. Na haska. Ya sa sukundireba, ya ɗan juya, ya tsaya.

"Uwata, tocilar nan na rawa."

Na ce hannun mai ɗaurawa ne ke rawa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce ban san komai a kan wuta ba, ya ci gaba da ɗaure soket ɗinsa.